Randar Nababa

A Tudun Makuba, wani ƙauye da ke cikin gonakin bayan Minjibir, ba a sayen tukunya sai Inna Hure ta ƙwanƙwasa ta. Haka aka taso aka tarar. Tana da wani zoben azurfa mai kauri a yatsanta na tsakiya, wanda ta gada daga mahaifiyarta Fanta tare da sana'ar ginin tukwane. In an kwashe tukwane daga ramin gashi sun huce, sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta buga wa kowace zoben sau biyu, ta karkata kai. Lafiyayyar tukunya amo take yi, dogon amo mai kewaya cikinta kafin ya fita. Wadda ke da tsaga kuwa, ko da tsagar ba ta kai silin gashi ba, amonta a shaƙe yake fitowa. Irin wannan tsagar ido ba ya ganinta, ruwa ma ba ya tona mata asiri a makon farko, sai an kai ta gida an saba da ita sannan ta fara yoyo. Kunne kaɗai ke kama ta. Dokar Fanta kuwa ɗaya ce: duk tukunyar da ta shaƙe, a nan bakin rami ake fasa ta, a gaban kowa.

Ta dalilin wannan ƙwanƙwasar ma Hure ta samu miji. Zamanin da gyaɗa ke da daraja ne, tana budurwa tana raka Fanta kasuwa da tukwane a ka. Wani saurayi manomi mai suna Nababa ya tsaya ya ji amon wata randa, ya kalli mai bugawa, shi ke nan ƙafarsa ta ƙi gaba. Duk ranar kasuwa sai ya zo ya sayi kasko, har uwarsa ta tambaye shi ko tuyar waina zai fara. Bayan aure yakan tsokane ta ya ce, "Ni kaɗai ne kayan da kika ɗauka ba ki ƙwanƙwasa ba." Ita kuma ta ce, "Na ƙwanƙwasa, Malam. Na ji a shaƙe, tausayi ne ya kama ni."

Kai, an yi zamani. Ranar gashi a lokacin kamar ranar suna take. Magina bakwai ke haɗa tukwanensu a rami ɗaya, a lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu, a cinna wuta, mata na yayyafa wa masu zafi ruwan makuba suna baƙi suna sheƙi. In aka fara ƙwanƙwasa, mai noma a gona yakan san cewa yau magina sun kwashe. Daga baya roba ta shigo, ta shigo da tukunyar ƙarfe, magina suka riƙa ajiye sana'ar ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka rasu, wasu suka koma sayar da ƙuli. Hure kaɗai ta rage, don taurin kai irin nata ba a gari ake sayo shi ba.

A shekarunsa na ƙarshe, Nababa ya ɗauki wasu halaye biyu da suka riƙa ci mata rai. Na farko, ya koma magana ƙasa-ƙasa. Mutumin da da in ya yi kira daga gona ake ji a gida, sai ga shi yana motsa baki kawai kamar mai lazimi. "Ka buɗe baki, Malam, ba na son ƙunƙuni," haka take ce masa. Sai ya yi murmushi ya maimaita, wani lokaci kuma ya ɗaga hannu ya bar zancen. Na biyu, tun da ciwon gwiwa ya raba shi da gona, sai ya kama kiwon tattabaru. Ranar gashi ya jawo buzunsa ya zauna bakin rami, tana ƙwanƙwasawa yana kallon ƙasa, can sai ya miƙa sanda ya nuna wata tukunya ya ce, "Ba ni waccan, tattabaruna na so." Ta yi faɗan har ta gaji. Tattabarun ba su fi a ƙirga da yatsun hannu biyu ba, amma tukwanensu sun cika rumfar bayan ɗaki, a kife, layi-layi. Da ya rasu ba ta iya taɓa su ba, ta bar su yadda ya jera su.

Abin da ba ta faɗa wa kowa ba shi ne, tun kafin rasuwarsa amon tukwane ya fara yi mata nisa. Duk sun koma fitar da sauti iri ɗaya, gajere, kamar ana buga ƙofar katako. Ta ɗora laifin a kan yumɓu, don tsohon kududdufin da Fanta ke ɗiba an cike shi an yi gona, sai wani sabo ake zuwa. Ta koma duba tukunya da ido, ta shafa da hannu, sannan ta buga zoben ta karkata kai kamar yadda aka saba gani. Tun da babu wanda ya taɓa dawo mata da tukunya, ta gaya wa zuciyarta cewa idonta ya isa.

Sai ga shekarun wahala sun zo. Man fetur ya yi tashin gwauron zabi, ya ja komai ya tafi da shi sama. Kwanon gero ya fi ƙarfin mai iyali, gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini. Matan da suka yi wa Hure dariya a kan yumɓu suka tarar tukunyar ƙarfe ta gagare su, bokitin roba in ya fashe ya fashe ke nan. Sai ga su nan suna sallama a zaure, wannan na son tulu, waccan na son tukunyar miya. Hure ta karɓe su da ɗan ɗaga hanci, wanda kuwa ta cancanta. A wannan kakar ce, shekara biyu da rasuwar Nababa, ta gina wata babbar randa, mafi girman da ta taɓa ginawa. Ba ta da rijiyar da za ta haƙa masa, ba ta da bijimin yankawa, amma tana da hannu. Aka kai randar gindin ceɗiyar ƙofar masallaci, bakin hanyar kasuwa, aka ɗora mata faifai da moɗa, don duk mai wucewa ya sha, ladan ya isa kabarin mijinta. Malam Sama'ilu, ladanin masallacin kuma abokin Nababa tun na yarinta, ya ce cika ta kullum aikinsa ne.

Hanyar kududdufi ba ta bi ta masallaci, don haka sai da bazara ta kankama sannan ƙafa ta kai ta wajen, tana dawowa daga gaisuwar mara lafiya. Ƙasa ta bushe ƙamas, ko'ina fari fat, awaki na cin takarda. Amma a gindin randar Nababa ciyawa ce koriya shar, ta yi zobe ta kewaye ta, har wata akuya ta sa baki tana tsinka. Hure ta tsaya cak. Randa tana naso, kowa ya sani, da nason take sanyaya ruwa. Amma naso ba ya tsirar da ciyawa a bazara.

Malam Sama'ilu ya fito daga masallaci da guga a hannu, ya gan ta, ya so ya juya. Ta ce, "Ladan, sau nawa kake cika ta a yini?"

Bakinsa ya motsa. Ta ce ya ɗaga murya. Ya ɗaga, har wani mai keke ya waiwayo. "Sau uku! Wani lokaci huɗu! Ai ba komai, motsa jiki ne!"

Ta kalli hannayensa, hannayen tsoho da igiyar guga ta yi wa kanta. Wata biyar yana jan ruwa yana zuba wa ƙasa, don kada ta ji kunya. Masu dawowa daga kasuwa da la'asar, su da suka fi kowa ƙishirwa, sau nawa suka ɗaga faifan suka tarar da laka? Sadakar da ta yi wa mijinta ke nan, ciyawa da akuya ke shan rabinta. Kunya ta rufe ta, ta ja mayafi ta wuce ko sallama ba ta yi ba.

Autarta Zuliha, da ke aure a Minjibir, ta zo washegari ta tarar da ita zaune, zoben a cire a ajiye kan tabarma. Zuliha ta matso dab da kunnenta ta faɗa mata abin da gari ya daɗe da sani. Tulun gidan Liman ya koma mazubin toka. Tukunyar maƙwabciya kaji ke sha a ciki. Tun bayan rasuwar Baba ake samun masu yoyo, babu mai ƙarfin halin dawo da su.

"Da ku da su duk munafukai ne," in ji Hure.

"Inna, sau nawa na ce mu je a duba kunnen nan? Ki ce mu ne ba ma buɗe baki."

"Na ɗiga man shanu."

"Man shanu na tuwo ne, Inna. Jibi za mu Kano."

Mijin Zuliha direban bas ne, shi ya ajiye musu kujerar gaba. A asibiti wata ma'aikaciya mai suna Hafsatu ta leƙa kunnuwan da 'yar fitila. Hure ta yi ta addu'a a ce datti ne a wanke, amma kunne tas yake. Aka shigar da ita wani ɗan ɗaki mai kaurin ƙofa, aka kifa mata wasu abubuwa a kunnuwa, aka ce duk lokacin da ta ji ƙara ta ɗaga hannu. Ta zauna tana jira a fara. Tana ta jira, tana kallon Hafsatu ta gilashi tana danne-danne. Da ta juya ta ga Zuliha na share ido da gefen mayafi, sai ta gane an daɗe da farawa.

Hafsatu ta zauna gabanta, ta bar fuskarta a haske, ta yi magana a hankali ba tare da ihu ba. "Inna, tsufa ne, ba laifin kowa ba. Siririn sauti shi ke fara tafiya, mai kauri ya saura. Shi ya sa kike jin mutum na magana amma ba ki rarrabe abin da yake cewa. Kuma wannan ba na bana ba ne. Ya kai shekara shida ko bakwai."

Hure ta shiga ƙirga shekarun da yatsu a ƙarƙashin mayafi. Shida ko bakwai. Ashe Nababa bai taɓa rage murya ba. Duk abin da ya riƙa faɗa mata a tsakar gida a shekarunsa na ƙarshe, da wanda ya maimaita, da wanda ya ɗaga hannu ya bari, a ƙofar kunnenta ya tsaya. Ta tsawata masa a kan laifin da ba nasa ba, kuma babu inda za ta same shi ta ba shi haƙuri.

Tumaki biyu da ɗan akuya suka tafi kasuwa ba su dawo ba, aka samu na'urar ji ta kunne ɗaya, na dama, wanda take karkatawa. 'Yar aba ce kamar ɓawon gyaɗa, a maƙale a bayan kunne, da siririn bututu mai shiga ciki. Batirinta bai kai ƙwayar wake ba. Hafsatu ta kafa mata dokoki: kada ta taɓa ta da hannun yumɓu, ta cire in za ta yi alwala ko wanka, ta nisanta ta da zafin rami, in za ta kwanta ta sa ta a gwangwani ta rufe. Mutanen gari kuwa nan take suka raɗa mata suna injin kunne.

Ranar farko Hure ta yi nadamar tumakinta. Ashe duniya haka ta cika surutu? Zakara ya yi cara ta zabura. Takalminta na ƙara, zaninta na ƙara, taunar goronta ma kamar ana daka. Ta jure duk wannan, ta wanke hannu, ta mayar da zoben, ta jawo wani tulu ta buga. Abin da ya shiga kunnenta ba amon da ta sani ba ne, wani ƙarau ne kamar an jefa cokali a kwanon sha. Ta buga wani, haka. Ta buga fasasshen kasko, shi ma kusan haka. Ta cire injin ta jefa a gwangwani, kwana huɗu ba ta buɗe ba.

Zuliha ta sake tasa ta gaba zuwa Kano. Hafsatu ta saurare ta har ta gama zazzaga faɗa, ta ɗan daidaita na'urar, sannan ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Inna, amon da kika sani a da ba zai dawo yadda yake ba. Amma bambancin yana nan a ciki. Kunnenki ya daɗe bai ji ba, sai ya sake koyo. In kina cirewa ba zai koya ba."

"Da furfurata zan koma koyo?"

"Wa ya koya miki na farko?"

Wannan tambayar ce ta bi ta har gida. Fanta ba da baki ta koya mata ba. Tukunya biyu ta ajiye mata, mai lafiya da mai tsaga, ta ce ta yi ta bugawa har kunnenta ya gaji. Hure ta aika aka ɗauko randar masallaci a amalanke, aka bar wa Ladan jarka kafin Allah ya kawo mafita. A ɗakinta kuma akwai randar da Fanta ta gina mata ta kayan aure, wadda shekara hamsin ba ta taɓa zubar da ɗigo ba. Ta juye ruwanta, ta jera su biyu a tsakar gida. Kullum da hantsi sai ta sa injin, ta buga ta Fanta, ta buga ta masallaci, ta koma ta Fanta. Maƙwabta suka ce tsohuwa ta fara kiɗa.

Mako ɗaya ba ta ji komai ba. Na biyu ma haka. A cikin na uku, wata safiya, ta buga ta Fanta sai ta ji ƙarar ba ta yanke nan take ba, ta ja wani ɗan siririn wutsiya a bayanta. Ta buga ɗayar, ƙarar ta faɗi ta mutu a wurin. Ba ta yarda da kanta ba, don ta san yadda ta iya yaudarar kanta. Da Zuliha ta zo, Hure ta ba ta zoben ta ce ta riƙa buga randunan, ita kuma ta juya baya ta fuskanci bango.

"Ta Fanta," ta ce. "Ta masallaci. Ta masallaci kuma, kada ki raina mini hankali, Auta. Ta Fanta."

Zuliha ta saki guɗa har kaji suka watse.

Kafin ruwan farko ya sauka Hure ta yi gashi. Randa biyu manya ta gina, don ba ta son ta dogara da ɗaya. Da suka huce, mata suka taru bakin rami kamar da, har da waɗanda ba su zo saye ba. Ta buga randar farko, wadda ta fi kyau, baƙa mai sheƙi. Ta sake bugawa, ta ji ta a shaƙe. Ta ɗauki taɓarya ta rusa ta a gaban kowa, tsingaro ya watsu. Wata mata ta dafe ƙirji ta yi salati. Hure ta matsa ga ta biyun, mai ɗan karkataccen baki, ta yi bisimilla ta buga. Ƙarar ta tashi ta ja wutsiyarta, ta ja, ta ja. Ba amon zamanin Fanta ba ne, wancan ya tafi da masu shi. Amma lafiyayya ce, kuma da kunnenta ta sani.

Aka aika wa Malam Sama'ilu ya zo da amalanke. Kafin ya iso, Hure ta mirgina tsohuwar randar mai yoyo zuwa rumfar bayan ɗaki, don wannan kam ba za ta iya fasa ta ba. Ta ce ko tattabaru sa yi ƙwai a ciki. Tukwanen Nababa na nan a kife yadda ya bar su, ƙura ta rufe su. Hannun magini ba ya zama haka nan, sai ta ɗaga ta kusa da ita ta buga mata zoben. A shaƙe. Ta ajiye, ta ɗauki ta gaba. A shaƙe. Ta durƙusa ta bi layin farko har ƙarshe, ta shiga na biyu. Babu ko ɗaya mai wutsiya a cikinsu. Duk tukunyar da ya taɓa nunawa da sanda mai tsaga ce.

Ta zauna a ƙasa cikin ƙura. Shekara arba'in da wani abu yana jin zobenta daga gona, daga zaure, daga kan buzu, ashe kunnensa ya koya. Ya san nata ya tafi tun kafin ita ta yarda. Bai faɗa mata ba, bai bar mai tsaga ta fita da sunanta ba. Ya zauna yana sauraro a madadinta, yana shan faɗa a kan tattabaru. A saman rumfar sauran tattabarun na ta gurnani a hankali, kukan da ba ta taɓa ji ba tun da ya kawo su gidan. Hure ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da shi.

Daga can zaure, ta bayan katanga biyu, ta ji sallamar Malam Sama'ilu, da muryar tsoho wadda bai ɗaga ba. Ta share fuska ta amsa. Da ta fito ya riga ya ɗora sabuwar randar a amalanke, ya tokare ta da gammo.

"Sau ɗaya za ka riƙa cika wannan, Ladan," ta ce. "Kuma ka sani na ga tukwanen abokinka."

Malam Sama'ilu ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. "Ya sa na yi masa alkawari," ya ce a hankali.

"Na ji," in ji Hure. Ta dafa bakin randar da hannun zoben, suka kama hanyar masallaci.